Wolfgang Ischinger: Tsohon jakadan da ya shafe rabin ƙarni yana ɗinke ɓarakar Turai da Amurka

Mafi yawan mutanenmu sun san birnin Munich na ƙasar Jamus ne ta dalilin ƙwallon ƙafa da motocin BMW. Sai dai a kowace shekara, cikin watan Fabrairu, birnin yakan zama wata babbar fada ta kwana uku, inda shugabannin ƙasashe da ministocin tsaro da na harkokin waje da manyan hafsoshin soja da shugabannin hukumomin leƙen asiri suke cunkushewa a wani tsohon otal mai suna Bayerischer Hof. Taron ba ya zartar da ƙuduri, ba ya kuma fitar da sanarwar bayan taro. Duk da haka, abin da aka faɗa a dandalinsa da abin da aka raɗa a ƙananan ɗakunansa yakan nuna inda iskar siyasar duniya za ta kaɗa a wannan shekara.

Mutumin da ya ɗaga darajar wannan taro zuwa inda yake a yau shi ne Wolfgang Ischinger, tsohon jakadan Jamus a Amurka da Birtaniya, wanda ya jagorance shi daga 2008 zuwa 2022. Rayuwarsa ta aiki ta ta'allaƙa ne ga tambaya guda: yaya za a riƙe ƙawancen tsaro tsakanin Turai da Amurka, wato gaɓoɓi biyu na tekun Atlantika, ba tare da an mayar da Rasha abokiyar gaba ta har abada ba? Bin sawun aikinsa hanya ce mai sauƙi ta fahimtar yadda wannan ƙawance ya ginu, da abin da ya sa yake tangal-tangal a yanzu.

Asalin ƙawancen

An kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a ranar 4 ga Afrilu, 1949, da ƙasashe 12. Ginshiƙinta shi ne sashe na 5 na yarjejeniyar, wanda ya ce hari a kan ɗaya daga cikin mambobi tamkar hari ne a kan kowa. Ana jingina wa babban sakatarenta na farko, Lord Ismay, wata magana da ta taƙaita manufar ƙungiyar a wancan zamani: a hana Rashawa shigowa, a riƙe Amurkawa a ciki, a kuma danne Jamusawa kada su sake miƙewa da fitina. Jamus ta Yamma ta shiga ƙungiyar a watan Mayun 1955, kuma cikin wannan wata Tarayyar Sobiyet ta mayar da martani da kafa nata ƙawancen na Warsaw.

Cinikin da aka ƙulla a fili yake. Amurka ta ɗauki nauyin kāre Yammacin Turai da sojojinta da makamanta na nukiliya, su kuma Turawa suka amince da jagorancinta. A ƙarshen Yaƙin Cacar Baka akwai sojojin Amurka sama da 300,000 a nahiyar Turai, mafi yawansu a Jamus. Har gobe akwai kimanin 35,000 a ƙasar, kuma hedikwatar rundunar Amurka mai kula da Afirka, wato AFRICOM, tana birnin Stuttgart ne. A yau NATO tana da mambobi 32, bayan shigar Finland a 2023 da Sweden a 2024.

A cikin wannan tsari Ischinger ya buɗe ido. An haife shi a ranar 6 ga Afrilu, 1946, a kudu maso yammacin Jamus, wata 11 bayan faɗuwar gwamnatin Hitler, lokacin da ƙasar take a hannun sojojin mamaya na ƙasashe huɗu. Yana saurayi ya yi shekara guda a wata makarantar sakandare a jihar Illinois ta Amurka. Ya karanta shari'a a jami'o'in Bonn da Geneva, sannan ya koma Amurka ya ƙaro ilimin dokokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya a makarantar Fletcher da Jami'ar Harvard. Daga 1973 zuwa 1975 ya yi aiki a ofishin Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Kurt Waldheim, kafin ya shiga ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa a 1975.

A makarantar Genscher

Shekarun da suka fi gina shi su ne waɗanda ya yi daga 1982 zuwa 1990 a cikin na hannun daman Hans-Dietrich Genscher, ministan harkokin wajen da ya riƙe kujerar kimanin shekara 18. Aƙidar Genscher ita ce Jamus ta Yamma ta tsaya daram a cikin NATO, amma ta bar ƙofar magana da Masko a buɗe ko da dangantaka ta yi tsami. Wannan aƙida ta bi Ischinger har tsufansa, ta jawo masa yabo, daga baya kuma ta jawo masa suka.

A kakar 1989 dubban 'yan Jamus ta Gabas suka tsallaka katangar ofishin jakadancin Jamus ta Yamma a birnin Prague suka yi zaman dirshan, suna neman a bar su su wuce Yamma. A daren 30 ga Satumba Genscher ya fito barandar ofishin ya shaida musu cewa an amince su tafi. Amma gwamnatin Gabas ta gindaya sharaɗi: dole jiragen ƙasan da za su ɗauke su su ratsa ta cikin ƙasarta. Mutanen sun ji tsoron a tsayar da jirgi a hanya a kwashe su, don haka aka sanya jami'an Jamus ta Yamma su shiga jiragen a matsayin lamuni. Ischinger yana cikin waɗanda suka yi wannan rakiya. Makonni kaɗan bayan haka, a ranar 9 ga Nuwamba, katangar Berlin ta faɗi, kuma a ranar 3 ga Oktoba, 1990, Jamus ta sake haɗewa.

Abin da 'yan zamaninsa suka ɗauka daga wannan shekara shi ne cewa haƙuri da tattaunawa, idan akwai ƙarfin Amurka a bayansu, suna iya rushe katanga ba tare da an harba harsashi ba. Shugaba George Bush babba ya mara wa haɗewar baya a lokacin da Firaminista Margaret Thatcher ta Birtaniya take ɗari-ɗari da ita, kuma Jamusawa irin su Ischinger ba su manta da wannan halacci ba.

Darasin Bosniya

Murnar ba ta daɗe ba. A 1991 ƙasar Yugoslabiya ta fara wargajewa, kuma shugabannin Turai suka yi ƙirarin cewa wannan rikici na cikin gidansu ne, su za su magance shi. Ba su iya ba. Yaƙin Bosniya da ya ɓarke a 1992 ya ci rayuka kimanin 100,000. A watan Yulin 1995 dakarun Sabiyawan Bosniya suka kashe Musulmi maza da yara kimanin 8,000 a Srebrenica, garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin tudun mun tsira, alhali sojojin kiyaye zaman lafiya suna wurin.

Sai da jiragen yaƙin NATO suka yi luguden wuta a kan dakarun Sabiyawa a ƙarshen watan Agusta da cikin Satumba, sannan aka samu zama a teburi. A watan Nuwamban 1995 Amurka ta killace shugabannin Sabiya da Kuroshiya da Bosniya, wato Slobodan Milosevic da Franjo Tudjman da Alija Izetbegovic, a wani sansanin sojan sama kusa da birnin Dayton na jihar Ohio, har tsawon mako uku. Richard Holbrooke na Amurka ne ya ja ragamar zaman. Ischinger, wanda a wannan shekara ya zama daraktan harkokin siyasa na ma'aikatarsa bayan shekara biyu yana shugabantar sashen tsara manufofi, shi ya jagoranci tawagar Jamus. An sa hannu kan yarjejeniyar a Faris ranar 14 ga Disamba, aka kuma tura dakaru kimanin 60,000 ƙarƙashin NATO domin tabbatar da ita.

Ischinger ya fito daga Dayton da darussa biyu da ya yi ta nanatawa a rubuce-rubucensa. Na farko, mai shiga tsakani da ba shi da sanda a bayansa, magiya kawai yake yi. Wanda ke cin nasara a fagen daga ba ya sauraron lallashi sai ya ga cewa ci gaba da yaƙi zai fi masa tsada. Na biyu ya fi ɗaci: Turai, duk da arzikinta, ta kasa kashe wutar da ta tashi a tsakar gidanta sai da Amurka ta zo da guga. Shekara 30 bayan haka wannan rauni yana nan, kuma shi ne tushen mafi yawan gardamar da ake yi a yau.

Rasha da faɗaɗa NATO

Babbar tambayar shekarun 1990 ita ce makomar ƙasashen Gabashin Turai da suka fita daga hannun Masko. Poland da Hungary da Jamhuriyar Czech sun nace sai sun shiga NATO, domin tarihi ya koya musu abin da zama tsakanin Jamus da Rasha yake haifarwa. Rasha kuwa ta ɗauki matsowar ƙungiyar zuwa iyakarta a matsayin cin fuska da barazana. Mafitar da Jamus da Amurka suka nema ita ce a tafi da abu biyu a lokaci guda: a buɗe wa sababbin mambobi ƙofa, a kuma ƙulla wata alaƙa ta musamman da Masko.

Ischinger yana cikin waɗanda suka yi aikin yarjejeniyar da NATO da Rasha suka sa wa hannu a Faris ranar 27 ga Mayu, 1997, a zamanin Shugaba Boris Yeltsin. A cikinta ɓangarorin biyu suka bayyana cewa ba sa kallon juna a matsayin abokan gaba, NATO kuma ta ce ba ta da niyyar girke makaman nukiliya a ƙasashen sababbin mambobi, ko zaunar da manyan rundunonin yaƙi na dindindin a can a yanayin tsaron da ake ciki a lokacin. Ƙasashen uku suka shiga ƙungiyar a watan Maris na 1999.

Kwanaki kaɗan bayan shigarsu, NATO ta fara kai hare-haren sama a kan Sabiya saboda rikicin Kosovo, ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, tsawon kwana 78. Wannan ne karo na farko da sojojin Jamus suka shiga yaƙi tun 1945. Ischinger a lokacin yana riƙe da muƙamin babban sakataren ma'aikatar, wato ƙololuwar matakin ma'aikacin gwamnati, a ƙarƙashin minista Joschka Fischer. Aikin da ya fi ɗaukar hankalin ma'aikatar shi ne dawo da Rasha cikin tattaunawa ta hanyar ƙungiyar G8, abin da ya share fagen ƙuduri mai lamba 1244 na Kwamitin Sulhu da ya kawo ƙarshen yaƙin a watan Yuni. An kashe wutar, amma Masko ta riƙe abin a zuci, kuma ta yi ta kafa hujja da shi a shekarun da suka biyo baya.

Jakada a lokacin ɓaraka

A 2001 aka tura shi Washinton a matsayin jakada, kuma farkon kama aikinsa ya zo daidai da harin 11 ga Satumba. Washegari NATO ta ɗaga sashe na 5 a karo na farko a tarihinta, kuma abin lura shi ne an ɗaga shi ne domin taimaka wa Amurka, ƙasar da aka zaci ita ce kullum za ta riƙa kawo ɗauki. Shugaban gwamnati Gerhard Schröder ya yi alƙawarin goyon baya maras iyaka. Jamus ta tura sojoji Afganistan, inda suka zauna har 2021, kuma 59 daga cikinsu suka rasa rayukansu.

Shekara guda kacal zumuncin ya yi kafin ya dagule. Gwamnatin George Bush ƙarami ta ƙudiri aniyar mamaye Iraƙi, Schröder kuma ya mayar da ƙin yaƙin jigon yaƙin neman zaɓensa na 2002. Wata ministarsa ta kwatanta dabarun Bush da na Hitler, abin da ya sa ta rasa kujerarta ya kuma fusata fadar White House. Sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya kira Jamus da Faransa tsohuwar Turai. A taron Munich na Fabrairun 2003 Fischer ya dubi Rumsfeld, ya bar Jamusanci ya koma Turanci, ya ce masa a gaban kowa hujjojin yaƙin ba su gamsar da shi ba.

Aikin jakada a irin wannan yanayi ya yi kama da na ɗan aike tsakanin surukai biyu da suka daina gaisawa. Shugabannin ba sa ɗaga wa juna waya, amma harkokin leƙen asiri da ciniki da sansanonin soja ba su tsaya ba, kuma dole wani ya riƙa zagaya majalisar dokoki da gidajen talabijin yana bayyana cewa saɓani a kan Iraƙi bai kai ga raba gari ba. Ischinger ya yi wannan aiki shekara biyar. Kafin ya bar Washinton a 2006, Bush ya ziyarci Jamus a 2005, Angela Merkel ta hau mulki, kuma bayanan makaman ƙare dangi da aka kafa hujjar yaƙin da su sun tabbata ba su da tushe.

Daga nan aka mayar da shi Landan. A 2007 Tarayyar Turai ta naɗa shi wakilinta a kwamitin mutum uku, tare da Frank Wisner na Amurka da Alexander Botsan-Kharchenko na Rasha, domin neman daidaito tsakanin Sabiya da Kosovo. Ya kawo shawarar a yi koyi da yarjejeniyar 1972 tsakanin Jamus biyu, inda kowane ɓangare ya amince ya yi hulɗa da ɗan'uwansa a aikace, aka ajiye gardamar 'yancin kai a gefe. Shawarar ba ta karɓu ba. Kwamitin ya tashi a watan Disamba hannu rabbana, Kosovo kuma ta ayyana 'yancin kanta ranar 17 ga Fabrairu, 2008.

Daga ofishin jakadanci zuwa fagen nazari

A ƙasashen Yamma, jakadan da ya ajiye aiki ba lallai ne ya koma gida ya zauna ba. Akwai cibiyoyin nazarin manufofi masu yawa, irin su RAND da Brookings a Amurka, Chatham House da IISS a Landan, da SWP a Berlin, inda tsofaffin jami'ai da malaman jami'a suke zama tare su auna zaɓuɓɓukan da ke gaban gwamnati. Amfaninsu shi ne suna iya faɗin abin da minista ba zai iya faɗa ba, su kuma gana da waɗanda gwamnati ba za ta iya ganawa da su a fili ba. Nijeriya ma tana da makamantansu, kamar Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas tun 1961 da Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru tun 1979.

A 2008 Ischinger ya bar aikin jakadanci ya karɓi jagorancin taron Munich. Wanda ya kafa taron a 1963 shi ne Ewald-Heinrich von Kleist, tsohon hafsan soja da ke cikin waɗanda suka ƙulla yunƙurin kashe Hitler a 1944, ya kuma tsira da ransa. Zaman farko na mutum kimanin 60 ne, cikinsu har da Henry Kissinger da Helmut Schmidt, kuma tsawon shekaru ya kasance tamkar taron dangi na Jamusawa da Amurkawa masu harkar tsaro. Horst Teltschik, wanda ya gaji Kleist, ya fara buɗe ƙofa ga Gabashin Turai da Asiya. A zamaninsa ne, a 2007, Shugaba Vladimir Putin ya yi jawabinsa da ya yi kaurin suna, inda ya caccaki babakeren Amurka da faɗaɗa NATO.

Ischinger ya sauya taron ta fuskoki da dama. Ya faɗaɗa ma'anar tsaro ta haɗa da sauyin yanayi da annoba da makamashi da kutsen intanet. Ya mayar da shi cibiya mai aiki duk shekara, mai shirya ƙananan taruka a wasu birane, cikinsu har da Addis Ababa a 2016. A 2015 ya fara fitar da rahoton shekara-shekara da ke tattara alƙaluma da taswirori kan rikice-rikicen duniya kafin kowane zama, a 2018 kuma aka mayar da mallakar taron hannun wata gidauniya. Ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya hau dandali ya yi magana, dole ya tsaya ya amsa tambayoyi. Shi ya sa aka riƙa ganin ministan Iran da na Saudiyya da jami'an Isra'ila a gini ɗaya, ko da ba su gaisa ba.

A ƙarƙashinsa taron ya ga abubuwa na tarihi. A 2009 Joe Biden, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya yi tayin buɗe sabon babi da Rasha. A 2011 Hillary Clinton da Sergei Lavrov suka yi musayar takardun da suka fara aiwatar da yarjejeniyar rage makaman nukiliya ta New START. A 2014 shugaban ƙasar Jamus Joachim Gauck da ministocin waje da na tsaro suka yi kira da murya ɗaya cewa lokaci ya yi da Jamus za ta ɗauki nauyi daidai da girmanta. Rahoton 2020 kuwa ya ƙirƙiro kalmar Westlessness, wadda ke nufin duniyar da tasirin Yamma ke raguwa a cikinta, ita kanta Yamma kuma ta rasa bakin zaren abin da ya haɗa ta.

Baya ga taron, ya yi shugabancin wani kwamitin nazari tare da tsohon ministan wajen Rasha Igor Ivanov da tsohon sanatan Amurka Sam Nunn, wanda rahotonsa na 2012 ya nemi a gina tsarin tsaro guda da zai haɗa Amurka da Turai da Rasha. A watan Mayun 2014, bayan Rasha ta haɗe yankin Crimea, ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai ta OSCE ta tura shi Yukiren domin taimaka wa zaman tattaunawar ƙasa, a 2015 kuma ya shugabanci kwamitin dattawanta da ya yi kiran a koma ga diflomasiyya. Ya koyar a makarantar Hertie da ke Berlin, ya kuma wallafa littafi a 2018 mai taken da ke nufin Duniya Cikin Haɗari. Jigon littafin shi ne Turai ta haɗa ƙarfin sojanta wuri guda, ta kuma riƙa yanke shawarar harkokin waje da rinjayen ƙuri'a, domin tsarin da ke ba kowace ƙasa ikon hawa kujerar naƙi yana daƙile ta a duk lokacin da ake bukatar hanzari.

Sukar da ake yi masa

Ba a rasa masu ganin baƙinsa ba. Kowace shekara masu adawa da yaƙi suna zanga-zanga a titunan Munich, suna kiran taron kasuwar dillalan makamai, ganin cewa kamfanonin ƙera makamai suna cikin masu ɗaukar nauyinsa. Daga 2008 zuwa 2014 ya haɗa jagorancin taron da babban muƙami a kamfanin inshora na Allianz. A farkon 2022 mujallar Der Spiegel ta buga rahoton da ya yi zargin cewa wani kamfanin ba da shawara da yake da hannun jari a ciki yana cin moriyar taron wajen haɗa abokan cinikinsa da manyan baƙi. Ischinger ya musanta aikata ba daidai ba. Muhawarar ta fito da wata matsala da ta shafi dukan irin waɗannan cibiyoyi: wanda ke biyan kuɗin bincike yana iya yin tasiri a kan tambayoyin da ake yi, ko da bai taɓa amsoshin ba.

Suka mafi nauyi ta shafi Rasha. 'Yan Poland da ƙasashen Baltik sun daɗe suna cewa manyan Jamus sun ruɗi kansu da tunanin cewa ciniki da zama a teburi za su sauya halin Kremlin, har ƙasar ta wayi gari tana sayen fiye da rabin iskar gas ɗinta daga Rasha. Taron ƙarshe na wa'adin Ischinger, daga 18 zuwa 20 ga Fabrairu, 2022, ya gudana ba tare da tawagar gwamnatin Rasha ba. Shugaba Volodymyr Zelensky ya tsaya a dandalin ya tuna wa mahalarta cewa ƙasarsa ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada bisa alƙawuran Budapest na 1994, ga shi kuma alƙawuran sun zama takarda kawai. Kwana biyar bayan jawabin, tankokin Rasha suka tsallaka iyaka. Ginin da Ischinger ya sa hannu wajen aza tubalinsa a 1997 ya rushe a wannan safiya.

Inda abin ya shafi yankinmu

Mai kasuwa a Kantin Kwari ko ma'aikaci a sakatariyar jiha yana iya tambayar abin da ya haɗa shi da wannan labari. Amsar tana cikin 2011. A ranar 17 ga Maris na wannan shekara Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 1973 kan Libiya. Nijeriya, wadda ke cikin kwamitin a lokacin, ta kaɗa ƙuri'ar amincewa, Jamus kuwa ta ƙaurace tare da Rasha da Sin da Indiya da Brazil. Hare-haren NATO sun taimaka wajen kifar da Mu'ammar Gaddafi, amma babu wanda ya tsaya ya tsare rumbunan makamansa. Makaman suka malalo kudu, arewacin Mali ya faɗi a 2012, kuma yankin Sahel bai sake samun natsuwa ba.

Yaƙin Yukiren ma ya iso kasuwanninmu ta farashin fulawa da takin zamani, domin Rasha da Yukiren suna fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake sayarwa tsakanin ƙasashe. Sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, na Jamus da na Amurka suka bi bayansu a 2024, ciki har da sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas. Duk kuɗin da Turai ta ƙara wa kasafin makamai, daga wani aljihun ake cire shi, kuma tallafin raya ƙasashe yana cikin waɗanda suka fara jin jiki. Afirka tana da nata dandalin mai kama da na Munich, wato taron Tana da aka fara a Habasha a 2012, wanda tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya daɗe yana shugabanta, sai dai muryarsa ba ta kai ta na Munich nisa ba.

Halin da ake ciki

Christoph Heusgen, tsohon mai ba Merkel shawara, shi ya gaji Ischinger a 2022, yayin da shi kuma ya ci gaba da shugabantar majalisar gidauniyar taron. A zaman 2025 mataimakin shugaban Amurka JD Vance ya shaida wa Turawa cewa barazanar da ta fi damunsa ba daga Rasha ko Sin take ba, daga cikin gidan Turai take, inda ya zarge su da tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Ministan tsaron Jamus Boris Pistorius ya mayar da martani nan take cewa ba za a lamunci wannan magana ba. A baya gardamar gaɓoɓin biyu takan tsaya a kan kuɗi da dabarun yaƙi. Wannan karon ta taɓa tushen aƙidar da aka ce ita ta haɗa su.

Turai ta fara ɗaukar matakan da Ischinger ya shafe shekaru yana kira a ɗauka. Kwana uku bayan mamayar Yukiren, Shugaban gwamnati Olaf Scholz ya ware Yuro biliyan 100 domin sabunta rundunar sojan Jamus. A 2024 ƙasar ta cika alƙawarin kashe kashi 2 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan tsaro, ma'aunin da mambobin NATO suka amince da shi tun 2014. A watan Maris na 2025 majalisar dokokinta ta gyara tsarin mulki domin a iya ciyo bashi don tsaro, a watan Yuni kuma shugabannin NATO suka amince a birnin Hague da sabon ma'auni na kashi 5 cikin 100 nan da 2035.

Kuɗi na iya sayo tankoki da jirage cikin 'yan shekaru. Abin da ya fi wuyar samu shi ne tabbacin da sashe na 5 ya ginu a kai, wato yaƙinin abokin gaba cewa Amurka za ta zo idan aka taɓa Estoniya ko Poland. Ischinger da 'yan zamaninsa sun yi aiki ne a duniyar da wannan tabbaci bai taɓa zama abin tambaya ba, ko a lokacin da Schröder da Bush ba sa ga maciji. Waɗanda za su gaje su za su zauna da Masko, su kuma yi ciniki da Washinton, ba tare da wannan jingina ba, kuma sakamakon zaman nasu zai iso har kasuwar hatsi ta Dawanau da kan iyakar Nijar da Libiya.